Rijiyar da Na Cike da Hannuna

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance wata mota ce da ta yi kwana biyu tana ruri a layinmu, irin motar haƙar bohal ɗin nan mai dogon wuya. Tun safe take soma gurnani har a kira Magariba, ƙasa na rawa, kwanuka na kaɗawa a ɗaki. A rana ta biyu ruwa ya yi tsiri sama, aka sa ihu, mai gidan da aka haƙa wa ya yi ta gaisawa da mutane kamar an yi masa haihuwa. Ina zaune a tabarmata ina kallo, wani ya ce mini, "Baba, ai kai ya kamata ka fi kowa murna, sana'arku ce ta ci gaba." Na ce masa to. Me zan ce? Shekarata arba'in da wani abu ina haƙar rijiya a Samaru da Sabon Gari, kuma har yau akwai guda ɗaya da ta tsaya mini a rai. Ita ce ta farko da na haƙa da hannuna, ita ce kuma na cike da hannuna. In ka titsiye ni yau ka ce in faɗa maka laifi na yi ko doka na bi, wallahi sai dai mu zauna mu yi ta kallon juna.

Da muna samari, ba agogo ke gaya wa mutum gari ya waye a Samaru ba, guga ne. Da an sallame sallar Asuba za ka fara jin sa gida-gida: igiya ta goga itacen bakin rijiya, a yi ɗan shiru, sai ka ji tunjum. Daga tsawon wannan shirun nake gane zurfin ruwan gida ko ban leƙa ba. Bayan guga sai muryoyin mata, domin rijiya ba ta mutum ɗaya ba ce ko da a tsakar gidansa take. Wanda Allah ya hore wa rijiya ƙofarsa a buɗe take wuni, maƙwabta na shiga da bokiti suna fita, ba a tambayar mutum addininsa ko garinsu, iyaka a ce masa kada ya ajiye guga a ƙasa. A nan ake jin wadda ta haihu, da wanda ya kwana da zazzaɓi, da wadda mijinta ya dawo daga tafiya hannu rabbana. Yanzu kuwa kowane gida katanga ce doguwa da baƙin tanki a sama, in an kawo wuta inji ya yi kuka, in ba a kawo ba janareto ya yi. Mai hali ya huta da jan igiya, amma maƙwabcinka sai ya yi mako a kwance ba ka sani ba.

Wanda ya koya mini sana'a Baba Audu ne, wani gajeren tsoho mai faɗan tsiya, wanda bai taɓa yaba aikin kowa ba har ya koma ga Allah. In aka kira shi gida ba ya fara taɓa diga. Sai ya zaga, ya dubi inda suri ya tashi, ya dubi itatuwan da ke kore a tsakiyar rani, ya tambayi inda masai yake, ya murza ƙasa ya shinshina, sannan ya dangwara sandarsa ya ce nan. Dokokinsa ba su da yawa amma ba a tsallake su. Ba a haƙa sai da bazara, lokacin da ruwa ya gudu iyakar gudunsa, don abin da ka samu a lokacin shi ne naka. Ba a shiga tsohuwar rijiya sai an zura fitila an ga ba ta mutu ba. In ruwa ya fito mahaƙi ke fara sha a gaban masu gida, in da cuta ta fara da shi. In an gama a kwantar da faffaɗan dutse a ƙasa, don wanda zai zo yasar rijiyar nan gaba ya san ya iso inda aka tsaya. Ta ƙarshe kuwa, wadda yake faɗa yana nuna mutum da yatsa, ita ce mahaƙi ba ya cike rijiyar da ya haƙa. Mai gida in ya ga dama ya cike abarsa, amma ba da hannunka ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce dalilin na gindin rijiya, in sauka in ɗauko.

Rijiyar farko da ya sakar mini ni kaɗai a gidan Malam Yohanna ce, wani malamin firamare da ya yi sabon aure ya gina ɗaki biyu a bayan kasuwar Samaru, lokacin wurin duk gonakin dawa ne. Ni a ƙasa, abokina Mato a sama yana jan kwandon ƙasa, kuma haka muka zauna har tsufa, ni a rami shi a kan igiya. Malam ya ɗauke ni tamkar ƙanensa, don haka matarsa Rifkatu ta samu abokin wasa. Kullum ta kawo mana kunu sai ta leƙo ta ce, "Ƙanen Malam, rijiya kake haƙa mini ko rumbu?" Ni kuma in ce, "Amarya, ki dai tanadi randa." Muka wuce jar ƙasa, muka wuce marmara, da zurfi ya kai gaba shida diga ta fito da laka mai sanyi, kafin La'asar idon ruwa ya buɗe ta gefen gabas, ruwa ya rufe mini idon sawu. Na ɗauko dutse daga rafin Kubanni, na ja masa layi uku da bakin diga, na kwantar da shi. Ta fito da wata farar moɗa mai shuɗin baki daga cikin kayan aurenta, na sha, na miƙa wa Malam, ya miƙa mata. Baba Audu ya kurɓa ya ce ba laifi, na kwana uku ina washe baki.

Ba don ni na haƙa ba, rijiyar nan ba ta taɓa ƙafewa ba. Ko shekarun farin da rijiyoyin unguwa suka koma laka, ita tana ba da ruwa, sai dai a jira ya taru. Unguwa ta cika a kewayenta. Malam ya yi ritaya, ya rasu, 'ya'ya suka watse Kaduna da Jos, amarya ta zama Mama Rifkatu a bakin kowa, ni kaɗai na ci gaba da ce mata Amarya har ta yi furfura. Da ruwan rijiyar take rayar da ɗan lambunta na alayyafo da yakuwa, amma abin da ya fi lambun shi ne mutane. Daga safe zuwa hantsi gidan ba ya rabuwa da mata, Hausawa da Yarabawa da matan Ibo da matan sojojin da ke haya a nan kusa, ita kuma tana kan kujerarta 'yar tsugunno tana raba faɗa da ba da maganin ciwon ciki. Ita kaɗai ke kwana a gidan, amma ba wanda zai ce tana zaman kaɗaici.

Wajen lokacin da wayar hannu ta fara shigowa, Samaru ta canza. Gonaki suka zama ɗakunan hayar ɗalibai, kowane mai gini ya kira mota ta huda masa ƙasa. Ni kuwa tun kafin wani mai takarda ya faɗa na san ruwa na sauka. Rijiyar da na bari a gaba biyar sai a kira ni in ƙara ɗaya, bayan shekara biyu a sake kirana. Shirun da ke tsakanin sakin guga da tunjum ya yi ta ƙara tsawo. Na faɗa wa Mato, ya ce kunnena ne ya tsufa.

Ana nan sai mai unguwa ya aiko in je taro a wata makarantar firamare a Sabon Gari. Mutanen hukuma ne suka zo, shugabarsu wata yarinya injiniya mai ladabi, Hausarta rabi Turanci irin ta ɗaliban Samaru. Ta zana babban kwano a allo, ta zana tsinkaye da yawa a ciki. Ta ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da katanga, kwano ɗaya duk muke zuƙa, daga Samaru har Basawa har inda ba mu sani ba. Ta ce akwai dokar da za ta haɗa ruwan yankin gaba ɗaya, na kogi da na dam da na ƙasa, a hannu ɗaya, ba mai ƙara haƙa sai da izini, a hankali kuma za a janye mutane daga ruwan ƙasa a mai da su kan famfo don ƙasa ta huta. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abin da na shekara ina faɗa wa Mato yana mini dariya, ga shi mai digiri ta zana a allo. Na ɗaga hannu na ce, "Ranki ya daɗe, mai ja da guga da mai ja da inji, duk ɗaya ne a dokan?" Ta ce, "Baba, tambayarka mai kyau ce. Sai mun gama safiyo tukuna, mun ƙirga rijiyoyi, mu san me ke akwai." Aka tafa mini. Sai da na koma gida na lura ba ta ba ni amsa ba, amma lokacin na riga na karɓi farar hula mai baki da riga mai hoton ɗigon ruwa a ƙirji.

Aikina in kai su rijiyoyi, tunda ba wanda ya san su kamar ni. Mako uku muna yawo, Samaru, Basawa, Unguwar Gabas, har lungunan bayan PZ a Sabon Gari inda na yi wa masu gidajen abinci aiki. Ina gaba suna biye, ina zuba kamar rediyo: wannan gaba bakwai ce, wannan ruwanta da zartsi, wannan ta Baba Audu ce. Su zura abin awo, su rubuta, ɗaya ya zagaya jan fenti a jikin katanga. Kusan duk gida mai rijiya sallama ɗaya ce mun shiga, don dama ƙofar a buɗe take, har a ba mu ruwa mu sha. Gidajen masu bohal kuwa sai mu yi ta bugun get, mai gadi ya leƙo ta 'yar taga ya ce oga ba ya nan, mu wuce. A lokacin ban ga komai a ciki ba. Sai daga baya na lura ashe duk jan fentin nan a katangar masu guga ya ƙare, kuma ni na kai shi.

Kada in ɗauki alhakinsu, famfo ya zo. Aka fasa layuka aka binne bututu, rannan da hantsi ruwa ya iso da ƙarfinsa har yana fisge roba. Ma'aikatan suka tafi, suka bar jan fenti ba bayani, suka bar ni da hula. Duk mai son sanin ma'anar fentin wurina yake zuwa, ni kuma sai in gyara zaman hula in fara zancen kwano da tsinkaye. Mato ya laƙaba mini Gwamnan Ruwa, in na zo majalisa ya miƙe ya sara mini. Jita-jita ta cika gari, wasu su ce tara za a ci mai rijiya, wasu su ce rusawa za a zo yi, wasu su ce magani za a zuba. Yawancin mutane suka yi abin da aka saba yi wa maganar hukuma, suka ce to, suka ci gaba da jan gugansu.

Mama Rifkatu ba irin waɗannan ba ce. Ta shekara talatin da mijin da ko layin asibiti ba ya tsallakewa. Ta aiko aka kira ni, na same ta zaune tsakanin sabon famfo da tsohuwar rijiya.

"Ƙanen Malam, zauna. Wannan jan abin da kuka shafa mini a bango, mene ne?"

"Alama ce, Amarya."

"Na san alama ne, ina da ido. Alaman me? An ce wai doka ya ce a rufe rijiya."

"Ana ta faɗa."

"Ban tambaye ka abin da ake faɗa ba. Kai ka je taron, kai suka ba hula. Malam bai taɓa taka doka ba har Ubangiji ya kira shi, ba zan fara a bayansa ba. In rufewa aka ce, ka faɗa mini."

Kalma uku kacal ake nema a wurina: ban sani ba. Yau ko shekarun jikana ka tambaye ni sai in faɗe su ba kunya. Amma ran nan ga famfo na zuba a gabanmu, ga zanen allo a kaina, ga ta tana mini kallon da ba a taɓa yi wa mahaƙin rijiya ba, kallon wanda ya san doka. Kuma har zuciyata na yarda ruwa na sauka, wannan ba ƙarya ba ce. Na ce mata, "Can za a je, Amarya. Ko yau ko gobe duk rufewa za a yi. Gara mutum ya yi da kansa cikin mutunci."

Ta juya ta dubi rijiyar. Can ta ce, "To kai za ka cike. Ba zan bar baƙo ya zuba mata shara ba."

Na tuna Baba Audu da yatsarsa, amma na riga na yi magana, janyewa kuma zai nuna ban san abin da na faɗa ba. Aka kawo tifa biyu ta jar ƙasa. Mato ya zo, ya ƙi taɓa shebur, ya kifa turmi ya zauna ya ce, "Gwamna, ni igiya na sani. Igiya fito da ƙasa yake yi, ba ya mai da shi." Shebur na farko da na watsa, shirun nan ya zo, sai ƙarar ƙasa a kan ruwa, ba tunjum ba, wani sauti kamar an mari mutum. Matan unguwa suka tsaya a bakin ƙofa da bokitansu. Kwana biyu na yi na gama, na daddaɓe bakin, Mama Rifkatu ta kife tsohon gugan a kai.

Famfon ya yi mana kirki damina ɗaya da rabin rani. Daga nan ya koma zuwa Talata da Asabar, daga nan sai ran da ya ga dama, daga nan in ka murɗa sai ya yi tari ya yi gyatsa ya huro maka iska. Aka ce wuta ce babu a gidan ruwa, aka ce bututu ne ya fashe, aka ce dam ne ya cika da yashi. Masu guga suka koma wa gugansu. Masu inji dama ba su daina ba, ƙaruwa ma suka yi, har a bayan katangar Mama Rifkatu aka gina ɗakunan ɗalibai da bohal da tanki biyu. Ita kaɗai a layin ta bi doka, ita kaɗai ta koma jiran 'yan garuwa. Lambu ya bushe. Matan da ke cika gidan suka koma wasu gidajen, ba don ƙiyayya ba, mai bokiti inda ruwa yake take zuwa. Na je gaishe ta wata safiya na tarar da gidan tsit har ina jin kukan kurciya, tana kan kujerarta ita kaɗai. Ba ta tayar da zancen rijiya ba, ta tambayi iyali, ta ce in gaida Mato. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na sa hulata na tafi ofishinsu neman bayani. Injiniya an yi mata canjin wurin aiki. Na farkon da na samu ya ce dokar na can Abuja ana muhawara, ba a sa hannu ba. Na teburin kusa da shi ya ce a'a, doka ta daɗe, aiki da ita ne ba a fara ba. Na uku ya ce ruwan ƙasa ba nasu ba ne, su na famfo ne nasu, na kogi kuma na wasu ne daban. Na ce to jan fentin fa? Ɗaya ya ce alamar an ƙirga ce kawai, ɗaya ya ce ta rijiyar da ke kusa da masai ce, suka kaure da musu da Turanci suka manta da ni. Da zan fita na tambayi na farkon, "Yallaɓai, wanda ya riga ya cike tasa fa?" Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wa ya ce masa ya cike?" Na fito na tsaya a bakin titi 'yan acaɓa na ta yi mini hon, na cire hular na cusa a aljihu, ban ƙara sa ta ba.

Da bazara ta kama na je wurin Mato na tambaye shi ko igiyarsa na nan. Ya ce tana nan tana jiran gwamna ya sauka daga mulki. Muka je muka gaya wa Mama Rifkatu za mu tone rijiyar. Ta ce, "Dokan fa?" Na ce, "Ki bar ni da doka." Tone rijiyar da aka cike ya fi haƙa sabuwa haɗari, ga gwiwa ba irin ta da ba, ga numfashi. Amma matakan da na sassaƙa a jikin marmara ina saurayi suna nan, ƙafata na faɗawa cikinsu kamar jiya na bar su. Labari ya bazu, mata suka fara leƙowa, ita kuma ta dawo da dama mana kunu, har rannan ta leƙo ta ce, "Ƙanen Malam, rijiya ne ko rumbu?" Na amsa daga ƙasa, "Amarya, ki dai tanadi randa." Mato ya ce mini ta fito da farar moɗar nan ta wanke ta kife a kan randa.

A gaba ta biyar jikina ya fara sanyi. A nan ya kamata ƙasa ta fara danshi, ta fara kama diga, ba ta yi ba. A ta shida bakin diga ya ce ƙwal, na share da hannu, ga dutsena da layinsa uku, a bushe ƙayau. Na ɗaga shi, ƙarƙashinsa ma haka. Ban gaya wa kowa ba, na ce wa Mato da saura. Na ƙara kwana huɗu ina haƙa inda ban taɓa haƙawa ba, gaba ɗaya, gaba ɗaya da rabi, sai na iske baƙin falalen dutse wanda diga ke tartsatsi a kansa. Nan ce iyakar mai diga. Na zauna na jingina kaina da bango in huta, sai na ji wani siririn kuka a cikin ƙasa yana shigowa ta ƙashin kaina. Injin bohal ɗin ɗakunan ɗalibai ne, yana ja daga can ƙarƙashina.

A zaunen nan kaina ya ɗaure, kuma har yau bai kwance ba. Da ban cike ba, da ruwan na nan? Rijiyoyi biyu a layin sun ƙafe a shekarar ba wanda ya taɓa su, amma ta wani mai taurin kai da ya kore mu ran shafa fenti tana nan tana ba da guga uku huɗu da safe. Wata rana in ce ni na toshe idon, ruwa ya canza hanya, dalilin da Baba Audu ya ce in sauka in ɗauko ke nan. Wata rana in ce injiniya ce mai gaskiya, kwanon ɗaya ne, kuma da dokar ta tsaya da ƙafarta ta shiga gidajen masu get da ruwan Amarya bai gudu ba. To in haka ne, dokar da nake jin haushi ita ce da za ta cece mu ke nan. Amma wacce, wadda ba a sa wa hannu ba ko wadda aka manta? Abin da na sani kawai, a duk tsinkayen da aka zana a allon nan guda ɗaya aka zare, kuma na tsohuwa mai guga ne.

Na sa dutsen a kwando na ce Mato ya ja, na biyo baya a hankali. Tana tsaye a bakin ramin da moɗa a hannu, mata uku a bayanta. Ta dubi ƙafafuna ta ga ba laka, fari fat da ƙura. Na buɗe baki in ce Amarya, sunan ya ƙi fitowa.

"Mama," na ce, "babu."

Ta daɗe tana kallon dutsen. Sai ta juya ta je wurin jarkar 'yan garuwa, ta cika moɗar ta kawo mini.

"Sha. Kai ke fara sha, haka Baba Audu ya ce."

Na sha, ruwan na warin roba, hawayena na zuba a ciki ban ɓoye ba. Na ce ta yafe mini, ban san dokar ba, ban taɓa saninta ba, hula ce kawai aka ba ni.

Ta ce, "Ni ma ai ban tambayi kowa ba sai kai. Mu biyu muka cike. Tashi ka kaɗe jikinka."

Mato ya tambaye ta me za a yi da dutsen. Ta nuna bakin ɗaki.

"Sa shi a gindin famfo. Ran da ruwan ya dawo kada ya haƙa mini tsakar gida."

Ni na ɗauka na sa. Ramin kuwa murfin siminti muka yi masa, don na rantse ba zan ƙara watsa masa ko shebur ɗaya ba. Ta yi 'yan shekaru bayan nan, famfon a buɗe ta bar shi dare da rana don kada ruwa ya zo ba ta sani ba. Da ta rasu 'ya'yanta suka zuba 'yan haya. Ran da motar nan ta gama rurinta a layinmu na ɗauki sandata na taka har can. Ƙofa a kulle, sai da na yi ta bugu aka buɗe, na ce ni tsohon gidan ne, kallo kawai zan yi. Jan fentin ya koɗe, famfon ya yi tsatsa a buɗensa. Dutsen na nan a gindinsa da layinsa uku, in ban da ruwan sama ba ruwan da ya ƙara taɓa shi.